Burtalin da rabinsa ya faɗa Burkina: aikin GPS a kan doki a Adar

A Adar rigimar burtali ba ta tashi da rani. Sai ruwan shuka ya sauka, hatsi ya fara tsiro, garkunan da suka ci rani a kudu sun juyo za su hau Azawak, sannan kowa zai tuna akwai hanyar dabbobi a nan, kuma a da ta fi haka faɗi. A irin wannan lokaci ne lamarin da za mu duba ya faru, a wani burtali da ke gabas da Keita, wanda ke karkata wajen ƙasar Buza kafin ya miƙe arewa. Wata ƙungiyar makiyaya ta jihar Tawa ta kai kuka cewa gonaki sun shaƙe shi. Aka amince a bi shi tun daga bakinsa, a gwada abin da ke ƙasa yau da abin da aka rubuta shekarun baya.

Ta fuskar doka babu gardama. Dokar 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ita ce ginshiƙin kundin dokokin karkara na Nijar, ta sa burtali da hanyoyin kiwo cikin dukiyar jama'a da ba mai mallaka wa kansa, ta kuma kafa hukumomin filaye da kowa ya sani da COFO. Dokar 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Sai dai doka ba ta san gindin aduwar da burtali ya karya kwana ba. Wannan sai takarda, sai kuma wanda ya gani da idonsa.

Takardar tana nan: kwafin kwafi ne na wani jeri da ma'aikatan wani shiri suka bari, shirin kuma ya daɗe da naɗe tabarmarsa. Layi biyu ne na lambobi, an sa wa ɗaya X, ɗayan Y, kowane ɗigo da lambarsa. Wasu an rubuta musu "rijiya" ko "dutse" a gefe, yawancinsu ko uffan. An yi alkawarin kafa turakun siminti a lokacin, amma a farkon hanya kawai aka kafa su.

Masu tafiyar su huɗu ne. Akwai saurayi ma'aikacin ƙungiyar, shi ke riƙe da na'urar GPS. Akwai wani dattijo da ya raka ma'aikatan farko a matsayin ja-gaba. Sai wakilin masu gonaki da maigari ya turo, da wakilin ardo. Suka zaɓi dawakai, ba don ƙawa ba. Ƙasar nan tudun dutse ce da kwari, ruwa ya zaizaye gefunan tudu ya bar ramuka, ga jerin duwatsun tare ruwa da aka yi ta ɗorawa tun zamanin shirin Keita da aka fara a 1984. Mota ba ta bin wurin, in ma ta bi sai ta taka shukar mutane, a je sulhu a dawo da sabuwar rigima. Babur yana kakarewa a yashin kwari in ya jiƙa. Doki kuwa duk inda saniya ta bi zai bi, mahayi kuma yana hangen gefe biyu na burtalin a lokaci guda.

Abin da na'urar ta sani

Ƙaramar na'urar hannu ce irin Garmin eTrex da ƙungiyoyi suka saba saye, mai cin batir biyu na AA, waɗanda kan kai wajen awa 25 in masu kyau ne. Ba ta neman layin waya, ba ta cin kuɗin kira, ba ta aika komai ko'ina. Saurare kawai take yi. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna yawo a nisan wajen kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana yana sanar da lokaci da inda yake. In na'urar ta ji aƙalla huɗu, sai ta lissafa inda take. Kafin watan Mayun 2000 Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskure yakan kai mita ɗari. Tun da aka daina, na'urar hannu a fili takan kusanci gaskiya da mita uku zuwa biyar. Hadari ko hazo ba sa hana ta aiki. Abin da ke rage mata ji shi ne bangon dutse, da rufin kwano, da jikin mai riƙe da ita.

Wannan mita uku zuwa biyar ɗin a riƙe shi, za mu dawo kansa.

Hannu biyu, aiki uku

Matsalar farko ba ta sama ba ce, ta hannu ce. Hagu na riƙe da linzami, dama na riƙe da na'ura, ga takarda kuma tana son a duba ta. Linzamin ƙasar Hausa mai zafi ne a bakin doki. Duk sa'ad da saurayin ya sunkuya kan allon, hannun hagunsa yakan ja baya ba da saninsa ba, dokin ya tsaya cak ko ya yi ta kaɗa kai. Ya gwada jefa na'urar cikin jakar sirdi, sai sawun da take zanawa ya fara tsalle, don cinyarsa da cikin doki sun tare mata rabin sama. Daga baya aka ɗaura mata igiya, aka maƙala ta a kafaɗarsa kanta na kallon sama, takardar kuma ta koma hannun wakilin ardo, shi ke karanto lambobin. An kashe ƙarar na'urar tun da wuri, bayan ta yi ƙara kusa da kunnen dokin ya zabura.

Ta biyu ita ce kibiya. In aka ce wa na'urar ta kai mutum wani ɗigo, takan nuna kibiya da nisan da ya rage. Irin wadda suka riƙe ba ta da kamfas a ciki. Daga motsi take gane inda aka fuskanta: ta ga inda kake ɗazu, ta ga inda kake yanzu, ta ja layi. Mahayi kuwa da ya rikice abin da yake fara yi shi ne ya ja linzami ya tsaya ya duba, wato daidai lokacin da kibiyar ba ta da abin dogaro. Doki ya juya gindi yana korar ƙuda, kibiya ta nuna yamma. Ya taka ɗaya ya tsinki ciyawa, ta nuna kudu. Maganin shi ne a duba ta ana tafiya, ko da takama ce, wadda kan kai kilomita shida a awa, ta ishi na'urar. Masu kamfas a ciki ma ba su tsira a kan doki ba, don ƙarfen likkafa da na linzami da wuƙar ɗamara suna jan allurar in an kusanto da ita.

Sai ta uku, wadda dattijon ya fi yi wa dariya. Kibiya ba ta san kwari ba. A wani wuri ta ce saura kilomita ɗaya da 'yan mitoci, a miƙe gabas. Saurayin ya juya kan doki zai bi.

"Ina za ka, ɗana?"

"Baba, nan ta nuna."

"To ita sai ta bi nan. Mu da dawakai mu sauka ta inda shanu ke sauka."

Gaban kibiyar gaɓa ce mai tsayin fiye da mutum biyu. Masaukar tana can arewa, kewayen ya ci musu kusan awa guda. Duk tsawon wannan lokaci lambar nisa tana ƙaruwa maimakon ta ragu, abin da ke sa sabon shiga ya ɗauka ya ɓata. A gani na, wanda ya hau doki a Adar ya ce kibiya ce za ta nuna masa hanya bai gane aikin na'urar ba. Hanya tana kan ja-gaba da ƙafar doki. Na'urar magatakarda ce: ta rubuta inda aka bi, ta shaida an iso inda aka ce.

Inda lambobi suka yi tsalle

Da waɗannan gyare-gyare aiki ya miƙe. Ɗigo bayan ɗigo yana faɗowa inda dattijon ya ce zai faɗo, lambobin layin X suna hawa a hankali yayin da ake karkata gabas: dubu 815, dubu 819, dubu 822 da ɗoriya. Sai wakilin ardo ya karanto na gaba, ya ce dubu 177 da wani abu. Saurayin ya sa ya maimaita. Ya karɓi takardar ya duba da kansa. Haka aka rubuta, kuma duk ɗigon da ya biyo baya da ɗari da saba'in ko ɗari da tamanin ya fara. Ya shigar da lambar yadda ya shigar da na baya. Na'urar ta ce ɗigon yana yamma, nisan kilomita 640 da ɗoriya. Wato a arewacin Burkina Faso.

Nan ne lamarin ya kusa lalacewa, kuma ba don an ɓata a daji ba, kowa ya san inda yake. Wakilin masu gonaki ya ce ai ga shi, takardar banza ce; wadda ta kai burtalin Adar Burkina ba za a tashi shukar kowa da ita ba, har ɗigogin da aka riga aka wuce ma sai a sake magana. Ba za a ce ya yi rashin hankali ba. Da ni aka nuna wa takarda aka ce da ita za a rage gonar ɗan'uwana, rabinta kuma tana nuna wata ƙasa, abin da zan faɗa ke nan. Saurayin shi kuma ya fara tunanin ko mai buga takardar ne ya sa 1 a gurbin 8, har ya so ya gyara da biro. Da ya yi haka da ɗigon ya tashi daga Burkina ya faɗa fiye da kilomita 50 gabas da inda suke, da kuma an ce ƙungiya tana sauya lambobi yadda ta ga dama.

Dattijon bai shiga gardamar ba. Ya ce shi bai san lamba ba, amma ya san inda masu aikin farko suka tsaya bayan wannan wuri: wani baƙin dutse mai tsaga a gefen tudu, can gaba kaɗan, nan suka sha ruwa, nan ɗayansu ya ɗaga na'urarsa sama. Aka ce a je a gani. Ba su yi tafiyar rubu'in awa ba suka iso. Saurayin ya sauka, ya bar shafin kibiya ya buɗe shafin da ke nuna inda mutum yake tsaye. Na'urar da kanta tana nuna dubu 177 da wani abu, tazararta da abin da ke takarda 'yan mitoci ne. A gaban lambar kuma, inda tun safe ake ganin 31P, yanzu 32P ne.

Bayanin ba shi da wuya. Lambobin takardar na tsarin UTM ne, wanda ke auna wuri da mita. Don a shimfiɗa duniya mai zagaye a kan takarda, an yanka ta tsaye kashi 60 kamar yadda mai kankana ke yanka wa masu saye, kowane yanki faɗinsa digiri shida, kowanne kuma da nasa ƙidayar. Tsakiyar kowace shiyya ana ba ta lamba 500,000, lambar tana ƙaruwa gabas tana raguwa yamma. Nijar ta faɗa shiyya uku: Yamai da birnin Tawa suna ta 31, Maraɗi da Damagaram suna ta 32, Diffa tana ta 33. Iyakar 31 da 32 ita ce layin digiri 6 na gabas, kuma wannan layi cikin jihar Tawa ya ratsa. Keita tana yammacinsa, Madawa ta kusa taɓa shi daga yamma, Buza tana gabashinsa da ɗan kaɗan, Abalak ma gabas take. A daidai wannan yanki, mahayin da ya tsallaka layin zai ga lambarsa ta faɗo daga wajen 823,000 zuwa wajen 177,000 a taku ɗaya na doki. Na'urar ma'aikatan farko ta sauya shiyya da kanta, su kuma suka kwafe mitocin suka bar 31P da 32P, watakila don sun ɗauka ado ne. Na'urar saurayin, da aka ba ta 177,000 ba a sauya mata shiyya ba, ta nemi wurin a gefen yamma na shiyya ta 31, ta same shi inda yake.

Akwai alamar da ta isa ta fargar da mutum tun a kan takarda. Layin Y, mai auna nisa zuwa arewa daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, bai yi tsalle ba; yana nan a miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da ɗoriya, yana hawa sannu kamar da. Kuskuren bugu ba ya zaɓar layi ɗaya ya bi shi har ƙarshen shafi. Amma wanda ya koyi aikin a Yamai ko a cikin garin Tawa zai iya shekaru bai taɓa ganin 31 ta sauya ba, har idonsa ya daina ganinta.

Abin da ya ceci takardar a idon wakilin masu gonaki ba wannan bayani ba ne, don a wurin babu wanda ya iya yin sa dalla-dalla. Jerin yadda abin ya faru ne. Dattijo ya faɗi wurin kafin a je, da bakinsa, gaban kowa. Aka je, na'ura ta ba da lamba, lambar ta dace da takardar da aka buga tun kafin rigimar bana. Shaidu uku da ba su haɗa baki ba. Da saurayin ne ya gano kuskuren shi kaɗai ya danna maɓalli ya ce yanzu ta gyaru, da wuya a yarda da shi, ko da gaskiyarsa. Aka sake shigar da sauran ɗigogin da 32P, tafiya ta ci gaba.

Ba wannan kaɗai ba ne ramin da takarda ke haƙa wa mai GPS. Wani yakan rubuta 14.30 yana nufin digiri 14 da minti 30, wani ya karanta shi digiri 14 da ɗigo 30. Tsakanin biyun akwai wajen kilomita 22. Tsofaffin taswirori na zamanin Faransa kuma ba a kan ma'aunin WGS 84 da GPS ke amfani da shi aka zana su ba, don haka wurin da aka ciro daga cikinsu yakan goce. A wannan tafiya dai ba su taso ba.

Abin da ta iya rabawa da abin da ta kasa

A wurare da dama hukuncin a fili yake. Inda ɗigon gefen burtali ya faɗo tsakiyar gona, mita talatin ko arba'in daga bakin shuka, babu abin cewa. Kuskuren na'ura bai kai nan ba, wakilin masu gonaki ma da kansa ya ce a rubuta. Amma yawancin ƙorafin ba irin wannan ba ne. Layi biyu ne ko uku na shuka, da manomi ke ƙarawa kowace damana. Wannan ya faɗa cikin mita uku zuwa biyar ɗin nan, kuma kuskuren biyu ne, na na'urar da ta ɗauki ɗigon a da, da na wadda ke nemansa yau. Saurayin ya yi daidai da ya ƙi cewa komai a irin waɗannan wurare. Aka koma ga tsohon shingen aguwa, da kututturen itace, da abin da maƙwabta suka sani.

Wani abin da aka yi gardama a kai shi ne sawun da na'urar ke zanawa da kanta. Wakilin ardo ya so a ɗauke shi a matsayin iyaka: a sa doki ya bi gefen dama a tafiya, ya bi hagu a dawowa, shi ke nan an samu burtali a taswira. Dabarar tana da sauri, amma doki ba ya bin iyaka. Yana kauce wa ƙaya da rami, yana ratse wa inuwa, mahayi kuma yana nisantar shuka don kada ya taka. Kowace kaucewa sai ta zama an ba wani ƙasa ko an ƙwace masa. Ko a tsaye ma sawun ba ya tsayawa: lokacin da aka ɗaure dawakai aka yi sallar azahar, na'urar da aka manta a kunne ta zana ƙulli a gindin bagaruwa, ta ƙara wa tafiyar nisan da ba a yi ba. Aka tsaya a kan cewa sawu na nuna hanya ne kawai, ga wanda zai biyo baya. Duk ɗigon iyaka sai an sauka daga doki, an tsaya a kan wurin, an bar na'urar ta yi 'yan mintoci tana tara ma'auni, wakilan biyu suna kallo.

Sawun ma sai da aka gyara yadda ake ɗaukarsa. Irin waɗannan na'urori suna riƙe ɗigo 10,000 a sawu ɗaya. In an ce ta ɗauka kowace daƙiƙa, ba ta cika awa uku za ta cika. Da aka mayar da ita kowane mita 20, ma'ajin ya isa tafiyar kilomita 200.

Sabuwar takardar da suka kai wa hukumar filaye ta bambanta da tsohuwar. An rubuta WGS 84 a saman kowane shafi. An bar UTM an koma digiri, da lamba biyar bayan ɗigo, wadda ta ƙarshe ke daidai da kusan mita ɗaya, don digiri ba ya tsalle a layin 6. Kowane ɗigo yana da bayaninsa da Hausa: dutse mai tsaga, aduwa biyu a jere, bakin kwari ta gabas. An rubuta kuskuren da na'urar ta nuna a lokacin ɗauka, da matsayin waɗanda suka tsaya a wurin. An kuma liƙa tsohuwar takardar a baya, da jan layi a inda shiyya ta sauya, don duk wanda ya zuba tsofaffin lambobin a kwamfuta a shiyya ɗaya zai sake ganin rabin burtalin a Burkina.

Ɗigo biyu sun rage ba a daidaita ba. A duka biyun tsohuwar takarda ta ce "itace", itacen kuma an sare shi, dattijon ya nuna wuri, lambar ta nuna wani wurin da ke nesa da shi da wajen mita goma sha biyar, kuma tsakanin biyun akwai shukar mutum. Tazarar ta fi kuskuren na'ura, ba ta kuma kai a ce wani ya yi ƙarya ba. An rubuta duka biyun, an bar wa hukumar ta kira masu gonakin bayan an cire amfanin gona.